Wasakin da Ya Kashe Harisu

A wancan zamani, tun kafin Nasara su iso, babu garin Dakoro yadda aka san shi yau. Akwai dai wani ɗan ƙauye a gefen kwari, gidajensa ba su fi ashirin ba, ana kiransa Rijiyar Sa'adu, da sunan mai garin. Mutanensa manoman gero ne da wake. Suna da rijiya ɗaya mai zurfin gaba talatin, amma ba su da dabbar da za ta ja musu ruwa daga irin wannan zurfi.

A bayan tudu, wani makiyayi mai suna Amani yakan sauka da iyalinsa duk bazara. Yana da shanu, yana da igiyar fata mai ƙarfi, ba shi da rijiya. Sai suka daidaita a kan sansa da igiyarsa su ja, kowa ya sha.

Ga yadda ake jan. An kafa gwafa biyu a bakin rijiya, an gitta gungume a kansu, igiya na bi ta kan gungumen. Bakinta ɗaya na ɗaure da wasaki, wato babban gugan fata, ɗayan kuma na ɗaure a jikin sa. In san ya tafi a kan turbarsa, wasaki ya taso. In ya kai ƙarshen turba, wasaki ya iso baki. Mai hawan san ita ce Aisata, 'yar Amani, yarinya 'yar shekara goma. San baƙi ne, tana kiransa Ɓaleri.

Kusan duk shekara rairayi kan cika gindin rijiyar, sai an yashe ta. Mutum biyu ke wannan aiki, kuma taubasai ne. Harisu ke sauka ya cika wasaki da jiƙaƙƙen rairayi. Sallau ke tsayawa a baki ya karɓa ya zubar.

Ranar wata Talata da hantsi, wasaki cike da rairayi ya koma cikin rijiya, ya faɗa wa Harisu a ka. Kafin azahar an fito da gawa, kafin la'asar an rufe ta. Mai gari Sa'adu ya aika wa sarki.

A yau da jandarma za a kira, ko a kai rahoto komisariya, wato ofishin 'yan sanda, sufeto ya zo da takarda da alƙalami. A lokacin babu ko ɗaya. Aikin sufeto, dogarin sarki ke yin sa. Wanda aka turo sunansa Mainassara, mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Kafin ya shiga dogarci ya yi shekara goma sha biyu yana bin ayarin raƙuma, inda ya ga yadda kaya da mutane ke faɗowa daga bayan dabba iri-iri.

Ya iso ranar Laraba da safe. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, ya nemi a kai shi bakin rijiya, a kuma kira wanda ya ga abin.

Sallau ya zo, idanunsa sun yi ja.

"Su wa ke wurin?" in ji dogari.

"Ni da yarinyar. Mata na tahowa da tuluna, amma ba su ƙaraso ba."

"Mi ya faru?"

"Wasaki na tasowa, sai ta zuba ma san sanda. Ya kwasa da gudu. Na yi ta ihu, tsaya, tsaya! Ina! Wasaki ya zo ya daki gungume, igiya ta tsinke, ya koma."

"Ya daki gungume da ƙarfi?"

"Har gwafa sai da ta girgiza."

"Wa ya sauka ya ɗauko gawa?"

"Ni. Wa zai sauka in ba ni ba? Ɗan uwana ne."

Mai gari ya sa baki. "Dogari, magana a fili take. Na ce ma Amani jibi da safe ya kwashe shanunshi ya bar mana rijiya. Matar marigayi ba za ta riƙa ganin wanga sa kullum ba."

"Ina ruwa na gaba, ranka shi daɗe?"

"Kwana huɗu arewa."

"A wanga zafi?"

Mai gari ya kau da kai. Duk wanda ke wurin ya san maruƙan ba za su kai ba, kuma rabin manyan ma sai dai a yanka a hanya.

Mainassara ya durƙusa a bakin rijiya, ya leƙa ƙarƙashin gungumen. Ya shafa da tafin hannu, ya duba. Ƙura ce busasshiya. Dab da inda igiya ke bi, zanzaro ya gina ɗan gidansa na laka, yana nan lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba.

"An wanke gungumen ga?"

"Wa zai wanke gungume da ruwan bazara?" in ji mai gari.

Dogari ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya riƙe abu ɗaya a ransa. In wasaki mai tasowa da gudu ya tsaya farat ɗaya, rairayin cikinsa ba ya tsayawa tare da shi. Ci gaba yake yi da tashi, ya fantsama a kan abin da ya tare shi. Gungumen nan kuwa ko ɗigon laka babu.

Daga nan ya haura tudu zuwa rugar Amani. Ya tarar an fara naɗe tabarmi. Wata tsohuwa, Inna, mahaifiyar Amani, tana ɗaure ƙoruna a cikin raga.

"Ka zo kama ta ne?" in ji Amani. "In kamu ne, ni ka kama. Sa nawa ne, igiya tawa ce."

"Ba ni da igiyar kama Bafillace, sai ya kai ni inda ba ruwa. Ina yarinyar?"

Tana zaune a bayan bukka, ta haɗa kai da gwiwa. Inna ta ce tun jiya ba ta sa komai a baki ba, ko nono.

Mainassara ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan da ita.

"Ɗiyata, ya sunan sanki?"

Ta ƙara ƙanƙame gwiwoyinta. Can ta ce, "Ɓaleri."

"Yana da gudu?"

"Malalaci ne."

"Jiya kin buge shi?"

Ta ɗaga kai. Hawaye ya zubo. "Na buge shi, Baba. Sau ɗaya. Ya tsaya zai ci ganye, na ɗan taɓa shi a nan. Sai ya zabura. Na faɗi. Da na tashi Baba Sallau na cewa na kashe mutum."

"Mu ga hannuwanki."

Ta miƙa. Tafukan lafiya lau. Ya duba goshinta da haɓarta da gwiwoyinta, babu ƙwarzane.

"To ina kika ji ciwo?"

Inna ta juyar da kan yarinyar, ta buɗe kitso. A ƙeya akwai ƙullutu kamar ƙwan zabuwa. A gadon baya ma fata ta saɓule.

"Ta kan ƙaho kika faɗi ko ta wajen wutsiya?"

"Ta wajen wutsiya. Sama na gani."

Dogari ya roƙi Inna ƙwarya ɗaya cike da ruwa. Ta harare shi.

"Ruwan da ake korar mu a kanshi za ka yi wasa da shi?"

"Inna, ki ba ni aro. In ya zube, maruƙa su lashe."

Ya ba Aisata ƙwaryar ta riƙe a gaban ƙirjinta. Ya ce ta yi sauri, in ya tafa ta tsaya cak. Ta tafi, ya tafa, ta tsaya. Ruwa ya tsallake bakin ƙwarya ya zube gabanta.

"Ke kin tsaya, ruwa bai ji tafi ba, ya ci gaba. Yanzu tsaya shiru. In na tafa, ki zabura gaba."

Ya tafa, ta zabura. Ruwa ya jiƙa mata ƙirji.

"Kin gani? Abin da ke tafiya yana son ci gaba da tafiya. Abin da ke zaune yana son zamanshi. Mutum a bayan dabba kamar ruwan ga yake. In dabba ta tsaya farat ɗaya, gaba zai faɗi. In ta zabura, baya."

Amani ya matso. "Mi wannan ke nufi, dogari?"

"Sallau ya ce wasaki ya daki gungume. Da haka ne, da igiya ta fizge san ta tsai da shi cak, da ɗiyarka ta kan ƙaho ta wuce. Ga ƙeyarta tana faɗin wani abu daban."

Aisata ta ajiye ƙwarya. "Amma na buge shi, Baba."

"Na ji. Za mu je mu tambayi Ɓaleri da kanshi."

Da rana ta ɗan karkata, aka taru a rijiya. Dogari ya sa aka kawo igiyar kaba ta gari, wadda Sallau ya sauka da ita jiya. Aka cika wasaki da rairayi, aka jiƙa shi, maza huɗu suka zura shi a hankali har ƙasa. Aka ɗaura wa Ɓaleri igiya. San ya sunkuyar da kai, ya kafa ƙafa, ya soma ja.

"Amani, buge shi."

Amani ya zuba masa sanda. San ya yi nishi, ya ƙara taku ɗaya kamar mai tafiya cikin taɓo.

"Ƙara."

Ya ƙara, har sau uku. Ɓaleri ya kaɗa wutsiya, tafiyarsa ba ta canza ba.

Wata mata mai suna Lami, wadda ta ajiye tulunta tana kallo, ta ce, "Wanga ne ya yi gudu? Ai surukata ta fi shi sauri, ita da ke dafa bango."

Wasu suka yi dariya, suka tuna ana makoki, suka haɗiye.

Dalilin a fili yake ga mai lura. Abu mai nauyi ba ya saurin tashi. Wasakin ya kai nauyin maza biyu, kuma yana jan san baya a kowane taku. Dabbar da ke ɗaure da irin wannan kaya ba ta iya zabura, komai dukan da za a yi mata. Sai fa in nauyin ya rabu da ita farat ɗaya. A nan duk ƙarfin da take ja da shi sai ya tunkuɗa ta gaba.

Mainassara ya juya wajen Sallau. "Ka ce da gudu ya kwasa."

"To, ko ba gudu ba ne, bai dai tsaya ba da na ce ya tsaya. Mutum cikin firgici ba ya auna magana."

"Gaskiya ne. Amma wasaki ya iso baki?"

"Ya iso."

"San ya kai ƙarshen turba ke nan."

"Ya kai."

"Ina igiyar da ta tsinke?"

Tana zauren mai gari. Sallau ne ya naɗe ta jiya ya kai, ya ce shaida ce, kada a bar makiyaya su taɓa. Aka kawo ta, naɗi babba, da wani guntu mai tsawon gaba ɗaya da aka kwance daga jikin wasaki. Bakunan duka biyu sun tattarwatse.

"Amani, igiyarka gaba nawa ce?"

"Talatin da uku. Fatar shanu biyar. Ni na kitsa ta."

Dogari ya sa aka riƙe bakin igiyar a kan gungume, ya ja ɗayan bakin ya bi turba da shi. Igiya ta ƙare kaɗan bayan rabin turba, daidai wata 'yar aduwa da shanu suka gwagwiye. Ya auna da hannuwansa, gaba goma sha takwas.

"Aisata, ina kika faɗi?"

Ta nuna gindin aduwar. Dogari ya tona rairayi da yatsa. Ya ciro duwatsun kitso guda uku, ja biyu, fari ɗaya. Inna ta ce nata ne, ita ta saka mata su.

"Sha takwas da ɗaya, sha tara," in ji Mainassara. "Sallau, ina gaba goma sha huɗu?"

"Ka tambayi masu igiya. Wa ya sani ko sun yanke sun ɓoye?"

"A zauren mai gari ta kwana."

"To ni dai ban sani ba."

Mai gari ya dubi Sallau, ya dubi igiyar, ya shafa gemu. Dogari ya ce kowa ya koma gida, kada kowa ya bar gari, za a sake zama bayan la'asar.

Ya nufi gidan marigayi. Matar Harisu, Dela, tana zaune a tsakar gida cikin mata. Ya tsaya daga ƙofa ya yi mata gaisuwa, sannan ya nemi magana da ita a gefe.

"Ki yi haƙuri, tambaya ce mai nauyi. Da anka kawo shi, da mi anka ɗaure shi?"

"Da igiya. An nannaɗe shi tun daga ƙirji har ƙafa. Sallau ya ce don kada ya suɓuce wajen fitowa."

"Ta kaba?"

"Ta fata. Liman ya kwance, na jefa ta bisa rumbu. Ban son ganinta."

Aka sauko da ita. Kitson iri ɗaya ne da na Amani. Dogari ya auna, gaba goma sha huɗu cif. Ya duba bakunanta biyu. Ba su tarwatse ba. Sumul suke, yankan wuƙa.

"An samu wani abu a jikinshi?"

Dela ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi: warki, laya biyu, da wani guntun itace baƙi mai tsawon tafin hannu.

"A ƙugunshi yake soke. Ban san na mi ne ba. Ko na bangon rijiya ne? Da itacen ƙirya mai ƙarfi anka daɓe ta."

Mainassara ya jinjina itacen a tafinsa. Ba shi da nauyi. Ya danna farce, farce ya shige. Ya karya shi da yatsu biyu. Waje baƙi, ciki fari, ya ruɓe kamar ɓawon rake.

"Wa ya daɓe bangon?"

"Sallau. Shekara biyu ke nan. Lokacin maigidana na kwance da kurkunu, wata uku bai taka ba. Bara ma rairayin bai yi yawa ba, ba a yashe ba. Jiya ne saukarshi ta farko tun da anka daɓe."

"Ina anka samo itacen?"

"Gari ya ba Sallau jakuna huɗu da guzuri, ya tafi kudu saro ƙirya. Kwana goma sha biyu ya yi." Ta dubi itacen da ke hannun dogari. Muryarta ta yi ƙasa. "Wannan ba ƙirya ba ce, ko?"

"Dashi ne. Itace ne marar ƙarfi, an babbaka shi da wuta ya yi baƙi."

Bayan la'asar aka sake taruwa. Mainassara ya shimfiɗa igiyar a ƙasa gida uku, ya haɗa baki da baki. Daga gungume har ƙarshen turba ta kai, gaba talatin da uku.

"Saura abu ɗaya, ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari. "Ina son mutane su gani da idonsu."

Wasakin da aka gwada da rana an mayar da shi ƙasa. Ya sa aka ɗora wa Ɓaleri taikin hatsi a baya, a inda Aisata ke zama, ba a ɗaure ba. Amani ya ja san har wasaki ya ɗan rabu da ƙasa kamar kamu biyu, igiyar kaba ta miƙe tana ƙara. Dogari ya zaro wuƙa ya yanke ta a kan gungume.

Ɓaleri ya tunkuɗa gaba kamar an harbo shi, har ya kusa durƙushewa. Taikin ya sulluɓe ta wajen wutsiya, ya faɗi da baya. Ba wanda ya taɓa san da sanda.

Kowa ya zuba wa taikin ido. Aisata, wadda ke riƙe da zanen kakarta, ta saki zanen.

"Ga yadda na ga abin," in ji dogari. "Wasaki na tsakiyar rijiya anka yanke igiya a nan, da wuƙa. Sa ya zabura, yarinya ta faɗi da baya a gindin aduwa. Wasaki ya tafi da igiya gaba goma sha biyar. Wanda ya sauka ya san in anka ga wannan tsawon, magana ta ɓaci. Sai ya yanke sha huɗu ya ɗaure gawa da su, don ba mai auna igiyar gawa. Sauran bakunan biyu ya daddake su da dutse. Na tsakiyar ya manta."

"Ƙarya ne!" in ji Sallau. "Mi zai sa in kashe taubashina? Tare munka tashi, kwano ɗaya!"

Mainassara ya miƙa wa mai gari guntun itacen. Mai gari ya murza shi, ya zama gari a yatsunsa.

"A ƙugun Harisu anka same shi."

"Itace ne kawai," in ji Sallau. "Ko'ina ana tsintar itace. Bangon rijiya ƙirya ce."

"To abu mai sauƙi. Wasaki na ƙasa, dole a ɗauko shi. Wanda ya sauka ya ɓanɓaro mana guntu ɗaya daga bango. Kai dai ba za ka sauka ba. Wa zai je?"

Maza suka dubi juna. Ba wanda ya taɓa sauka in ba Harisu da Sallau ba.

Amani ya cire hula ya miƙa wa Inna. "Ni in je. Wasakina ne, kuma ɗiyata ce ake magana a kanta."

"Baffa!" in ji Aisata.

Aka ƙulla manyan guntayen igiyar fata biyu, aka ɗaura masa a ƙugu. Maza shida suka riƙe. Ya zauna a baki, ya zura ƙafafunsa ciki, yana laluben wurin takawa.

"Kar ka sauka."

Sallau ne. Muryarsa ta dishe.

"Fito da shi. Wajen gaba ashirin, ɓangaren gabas, wasaki ya bugi bango jiya. Itace uku sun karye, rairayi na zuba. Ni ma da ƙyar na wuce. In ya ɓanɓari ko ɗaya, rijiya za ta rufe da shi."

Aka janyo Amani. Sallau ya zauna a ƙasa.

"Ƙirya na karyewa haka?" in ji dogari.

"Dashi ne. Duka."

"Faɗa ma mai gari."

Sallau ya yi magana yana kallon rairayi. Ya ce ya kama hanyar kudu, a kwana na biyu ya ji labarin mahara a gaba, tsoro ya kama shi. Kunya ta hana shi dawowa hannu wofi. Ya zauna a daji ya sari dashi, ya babbaka, ya cika kwanaki, ya dawo aka yi masa sannu da ƙoƙari. Ya yi niyyar canzawa a hankali, shekara ta zagayo, wata ta zagayo.

"Jiya fa?"

"Ya cika wasaki, na ce ma yarinya ta ja. Sai na ji shi daga ƙasa yana cewa, Sallau, wanga ba ƙirya ba ce. Na ce, taubashi, rufa mani asiri, in ka fito mu yi magana. Ya ce ba wasan taubashi a ruwan gari, yau mai gari zai ji. Na ɗaga kai, ga mata sun hauro da tuluna. In wasaki ya iso baki, sun iso, za su ji shi. Wuƙa na ƙuguna." Ya dubi hannuwansa. "Ban san sa'ad da na yanke ba."

"Ka san sa'ad da ka ce ma yarinya ta kashe mutum?"

Sallau ya sunkuyar da kai.

Dela tana tsaye a bayan mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai ka yi mashi salla a sahun gaba, Sallau." Ta juya ta koma gida.

Mainassara ya ɗauki guntun igiya mai gaba ɗaya, ya ɗaure masa hannuwa ta gaba. Ya ce hukunci na alƙali ne, shi nasa ya kai shi.

Mai gari Sa'adu ya taka har inda Amani yake. "Na yi gaggawa. Ku kwance kayanku."

"Mun ji, ranka shi daɗe. Amma rijiyar ma ba ta da lafiya."

"Za a ja a hankali daga sama da wani guga, ba mai sauka. Ƙirya kuwa sai an je kudu, jakunanmu ba su isa ba."

"Ina da takarkarai uku," in ji Amani. "A haɗa ni da mutum biyar masu gatari. Amma wanga karon ni zan danna farce a kan kowane itace."

"Danna har da haƙori," in ji Lami. "Mu dai mu sha ruwa."

Dogari ya ɗaura sirdi, ya sa Sallau a gaba. Har ya kama hanya, ya ji ƙaramar muryar Aisata a bayansa.

"Baba, sandar da na buga mashi fa?"

Ya tsai da doki. "Kin ga babanki ya zuba mashi huɗu da rana. Ya yi gudu?"

"A'a."

"Da na yanke igiya, wa ya buge shi?"

"Ba kowa."

"To je ki sha nono. Gobe gari na jiran ruwa."

Ta tsaya tana kallonsu har suka ɓace bayan tudu. Sannan ta je inda Ɓaleri ke tuƙa, ta shafa masa wuya, ta wuce wajen Inna ta karɓi ƙwarya ta shanye.

Abin da Aisata ta fahimta a ranar shi ne, sa mai jan nauyi ba ya zabura sai an raba shi da nauyin, wanda ke bayansa kuma ta baya yake faɗuwa, kuma ba ita ta kashe Harisu ba.